Farar Albasar Baba

Na san ban kai shekarun masu cewa “a zamaninmu” ba. Ko furfura ɗaya ba ni da ita, kuma ban daɗe da ajiye kayan makarantar sakandare ba. Amma tun ranar da muka jawo mahaifina daga rijiyar lambunsa, duk abin da ya faru kafin ranar ya koma mani kamar labarin wata tsohuwa da ta daɗe a duniya. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Yana zaune a kan buzunsa yana kallon bango. Bai san sunana ba, bai san Inna ba, kuma ba ya yarda komai ya shiga bakinsa sai farar albasar da ya noma da hannunsa. Ita kuwa ta ƙare. Shi ya sa nake zaune ina tuna baya, ko gabana zai daina faɗuwa.

Ƙauyenmu yana bayan Mairuwa, daidai inda ƙasa ke gangarawa ta zama fadama. Da muna ƙanana, da zarar an gama kai dawa rumbu sai maza su gangara lambu, ba za su dawo da hankalinsu gida ba sai bazara. Abin da na fi tunawa shi ne kukan jigo. Wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a gabanta, curin laka a bayanta, mutum ya danna ta nutse a rijiya, laka ta ɗago mashi ruwa. Kowane jigo da muryarsa. Wani kamar akuya ta ɓatar da ɗanta, wani kamar ƙofar tsohon ɗaki. Na Baba yana da wani ɗan tari a ƙarshen kukansa, ko daga tsakar gida na ji shi na san ya fara aiki. Daga wannan bakin fadama zuwa wancan jigo ne a jere, maza tsirara daga ƙugu zuwa sama, ruwa na bin ƙananan hanyoyi yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, wani na waƙa, wani na zagin jakinsa, wani na kiran a miƙo mashi goro. In ka yi tuntuɓe a fadamar nan, kafin ka kai ƙasa mutum biyar sun ce maka sannu. Mu yara aikinmu toshe bakin fangali da laka in ya cika, mu buɗe na gaba. Ƙafafunmu kullum a jiƙe, kullum da kaushi, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba.

Kowa a fadamar jar albasa yake nomawa, mai yaji, mai jure ajiya, wadda fatake ke so. Baba kaɗai ke noma fara. Lambunsa na jikin na taubashinsa, wanda muke ce ma Kawu Mai Ja, kuma tun daga sallar asuba har rana ta take ba sa barin juna su huta.

“Kai mai albasar marasa haƙori!” in ji Kawu. “Yau ma ruwan kake ɗura mata? Wannan ai gwanda ce, ka sa mata hula kana ce mata albasa.”

Baba ba ya ko ɗaga kai daga guga. “Taka fa? Mace ta yanka tana kuka, miji ya ci yana kuka, baƙo ya tahi gida yana kuka. Gidan makoki kake nomawa.”

“Aƙalla tawa tana kai damina.”

“Dutse ma yana kai damina. Ka taɓa cin shi?”

Amma in lokacin cira ya yi, Kawu ne farkon mai tsallako iyaka, ya tsuguna kamar yana duba wani abu, ya tafi da guda uku a aljihu. Baba sai ya ce, “A gaida marasa haƙorin gidanka.”

Gaskiyar Kawu ce, farar ba ta jure ajiya. Ruwa ne cikinta da zaƙi, shi ya sa kwananta kaɗan ne, shi ya sa kuma in ta zo gidanmu ke komawa kamar ana biki. Tun kafin ta yi kai muke cin lawashinta a miya, abin da ya yi yawa Inna ta daka ta dunƙula ta shanya ya zama gabu don damina. Ranar da aka ciro ta farko kuwa ba a dafa ta. A ɓare, a yanka ƙwarya guda, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan barkono, a yayyafa man gyaɗa, mu kewaye ƙwaryar har da Baba, wanda ba ya cin abinci da yara sai ranar. Tana ƙara a baki kamar rake, ruwanta na bin haɓa, ba mai hawaye, ba mai jan majina. Washegari Inna za ta sa kaskonta a wuta kaɗan, ta zuba man shanu, ta cika shi da albasa har ya yi tozo, ta bar ta. Ba ta yarda a juya da gaggawa. Tana tsinke zogale tana leƙawa, tozon na sauka, farin na komawa ruwan zuma, ƙamshin na tsallaka katanga har maƙwabta su fara aiko yara aron abin da ba su buƙata. Wannan ake zubawa a kan dambu. Ni a makarantar kwana na ci abinci iri-iri, na koyi girki a kan risho da cokalin awo, ban taɓa haɗuwa da abin da ya kama ƙafar dambun nan ba.

Shi Baba gasasshiya ya fi so. Da la’asar, in ya gama ban ruwa, sai ya hura ɗan kara a gindin jigo, ya bari wuta ta mutu, ya tura albasa cikin rushi da ɓawonta. Ta yi ta tsuwa tana huci. In ya tono ta baƙa ƙirin take, ya riƙa jefa ta daga hannu zuwa hannu yana hurawa, ya murje ɓawon, cikin ya fito laushi kamar ɓargo. Yakan ce, “Zo nan, ’yar boko. Halan a makarantarku akwai wannan?” In ce babu. Ya ce, “To mi kuke koya?”

Abu ɗaya ne ba a taɓawa. Tun albasa na tsaye a fangali Baba ke bi yana dubawa, wadda ta cika ta yi kyau, wuyanta siriri, sai ya ɗaura mata zaren kaba da wani ƙulli nasa. Waɗannan su ne uwaye. Bayan cira ana shimfiɗa su a kan rudu, wato gadon kara mai tsayi a inuwa inda iska ke ratsawa, su kwana a nan damina guda, ana juya su kullum ana cire wadda ta lalace. In ruwa ya ɗauke sai ya yanke kan kowace, ya dasa gindin, ya yi fure, ya ba da iri. Kawunan da aka yanke Inna ke soyawa, shi ne ɗanɗanon farko na shekara. Irin nan ba a sayar da shi a kasuwar Ƙanƙara ko ta ko’ina. Daga kakan Baba ya gangaro, hannu zuwa hannu. A shekarar fari, lokacin da muka ci dusa, muka ci ganyen da ko awaki sai sun yi shawara, uwayen nan na kan rudu muna wucewa ta ƙarƙashinsu da ciki a lafe. Yayana ya taɓa tsayawa yana kallonsu. Baba bai daka mashi tsawa ba, ya dai ce, “Ko yunwa ta kai ina, ba a cin uwa.”

Sai kuɗi suka zo ƙasar nan. Ban san yadda zan kwatanta ma wanda bai gani ba. Duk hutun da na dawo daga makaranta sai in tarar an rage a fadama, an ƙaru a bakin hanya. Aka ce man fetur ne aka samu a kudu, gwamnati ta rasa inda za ta sa kuɗi. Kwangila ko’ina, a nan ana fasa hanya, a can ana gina aji. Saurayin da jiya yake danna jigo yau ya dawo da agogo da rediyo a kafaɗa. Rufin kwano ya fara ƙyalli a cikin gari. A teburin mai kanti ga tumatirin gwangwani, ga shinkafar waje, ga madara, mata suka ce wa zai tsaya jiran kasko ya yi ruwan zuma. Jigo suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, kamar kwaɗi in mutum ya matso. Har Kawu Mai Ja ya tafi gadi a wani kamfanin hanya wajen Sabuwa. Ranar da zai tafi ya ce ma Baba, “Taho mu tahi, tsoho. Zama kawai ake yi a kan kujera a biya ka.” Baba ya ce, “In na tahi wa za ka riƙa ma sata?” Suka yi dariya, amma na ga Baba ya daɗe tsaye yana kallon lambun Kawu bayan ya wuce. Kafin shekara ta zagayo ƙaya da tafasa sun cinye shi.

Yayana tifa yake tuƙawa. Yana son Baba, kada wanda ya karanta wannan ya zarge shi. Ya gaji da ganin tsoho shi kaɗai a fadama yana danna sanda har kafaɗarsa ta kumbura, sai ya sayo mashi injin ban ruwa, ja, sabo fil, ya ɗauro shi a bayan babur.

“Baba, aikin yini guda zai yi maka kafin ka gama cin goro.”

“In na gama cin goron in yi mi?”

“Ka huta mana.”

“Shi wannan abin ya san wane fangali ke jin ƙishirwa?”

Amma da aka ja igiyar injin, ruwa ya yi tsalle daga mesa kamar kaurin cinya, na ga idon Baba ya yi haske kamar na yaro. Ya ƙara fangali, ya ci har cikin wurin da ya bari tun ƙuruciya. Sandar jigo aka sauke, aka yi itacen girki da ita. Gwafar kaɗai aka bari tsaye don ta yi wuyar tonowa.

Injin na shan ruwa fiye da yadda rijiya ke kawowa. Da zafi ya fara shigowa ruwan ya yi ƙasa, Baba ya yashe rijiyar ya ƙara mata zurfi, sai mesa ta kasa kaiwa. Farar albasa kuwa ba ta haƙuri da ƙishirwa. Baba yakan ce in ta kwana biyu ba ta sha ba sai ta yi fushi ta yi yaji, shi ke nan wahalar shekara ta tafi. Saura kaɗan a cire ta. Sai ya yi dabara irin ta wanda ya san rijiya: ya sassaƙa ɗan dandamali a jikin bangonta daga ciki, ya zura injin da igiya ya zaunar da shi kusa da ruwa. In zai tayar da shi ko ya kashe sai ya sauka. Baba tun yana saurayi yake shiga rijiya. Abin da ya sani yana kashe mutum a ciki shi ne bango ya rufto ko ƙafa ta zame, don haka bai taɓa sauka ba sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya ƙulla ta a gwafa. Hayaƙi kuwa, da Inna ta yi maganar warin da yake dawowa da shi a riga, cewa ya yi, “Ke da kike cikin hayaƙin murhu tun kina amarya, mi ya same ki?”

Ranar da abin ya faru, ni na kai mashi fura da hantsi. Tun daga nesa na ji injin na wata irin ƙara, kamar mai shaƙewa, ruwa kuma ba ya fita daga mesa. Takalmansa na bakin rijiya a jere, hularsa na rataye a gwafa. Na yi sallama. Na sake yi. Da na leƙa, wani shuɗin hayaƙi ya bugi fuskata, ta cikinsa na hango farar rigarsa a dunƙule a kan dandamali, kansa ya lanƙwashe a jikin bango, hannu ɗaya na lilo a kan ruwa.

Na yi ihu. Wallahi na yi ihun da ban san akwai shi a cikina ba. Na juya gabas na kira, na juya yamma na kira, a fadamar da in ka yi tuntuɓe mutum biyar ke ce maka sannu. Ba kowa. Gwafa ce tsaye nan da can cikin ciyawa. Na kama igiyar na ja, ta yanke mani tafin hannu, ko motsi bai yi ba. Na sa ƙafa zan sauka, hayaƙin ya juya mani kai, na faɗi da baya. Allah ne ya kawo wasu Fulani mata biyu, tsohuwa da ’yarta, za su shiga gari da nono. Suka dire ƙwarya suka rugo. Mu uku muka kama, uwar na cewa, “Ja, ɗiyata, ja, kada ki kalle shi, ja!” Jikinsa na gurzar bango, ƙasa na zubowa, har kafaɗunsa suka bayyana muka kama rigar muka kwantar da shi a kan kunyar fangali. Leɓɓansa sun yi wani ja da ban taɓa gani ba. Ƙirjinsa kamar yana motsi, kamar ba ya yi.

“Albasa!” in ji tsohuwar. “A shaƙa mashi albasa, yanzu zai farka!”

Kowa a ƙasar nan ya san haka ake yi ma wanda ya suma. Ga mu kuwa a tsakiyar albasa, ko’ina ka juya ita ce. Na tumɓuke guda, na fasa ta da dutse, na kai hancinsa. Shiru. Na fasa wata, tsohuwar ta matse ruwan a hancinsa har da idonsa. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ta kai hancinta ta shinshina, ta dube ni.

“Wannan wace irin albasa ce? Ba ta da rai! Ja nake nufi, mai yaji. Nemo ja!”

Na tsallaka lambun Kawu Mai Ja. Na durƙusa cikin ƙaya ina tonon ƙasa da farce, ko Allah zai sa guda ta ɓuya tun shekarun baya. Ina tono ina kiran sunan Kawu kamar zai fito daga ƙasa. Na yi karatun kimiyya, na zana huhu a allo an ba ni maki, amma a lokacin ba abin da ke kaina sai jar albasa. Na bar wurin na sheƙa cikin gari ba takalmi ba mayafi, gida gida ina faɗawa. “Jar albasa! Don Allah jar albasa!” Wata ta ce sai ranar kasuwa. Wata ta ce su yanzu na gwangwani suke sawa. Wata ta riƙe ni tana tambayar ko aljanu ne. A bakin hanya na samu rabin guda a kan tiren mai tsire, na fizga na juyo. A hanya na haɗu da Inna, wadda rabonta da fita da rana tun ina goye, tana gudu da zani ɗaya, muciya na hannunta ba ta san tana riƙe da ita ba.

Da muka isa idonsa biyu. Iska ta yi aikinta, yana numfashi, tsohuwar na yi mashi fifita da faifan nononta. Inna ta faɗi a gabansa.

“Malam! Malam, ka gan ni?”

Ya dube ta yadda ake duban wanda ya zo tambayar hanya. Na sa mashi jar albasar a hanci duk da haka. Hawaye ya zubo daga idonsa, amma na albasa ne kawai.

A-kori-kura ta kai mu babban asibiti. Likitan ya yi mana bayani a hankali, ya ce hayaƙin inji in ya taru a rami guba ne, yana hana ƙwaƙwalwa samun iska. Na tambaye shi ko da mun sami jar albasa da wuri da abin bai kai haka ba. Ya ce ja ko fara, ba abin da za ta ƙara. Igiyar ce ta cece shi. Ya ce wasu na dawowa hayyacinsu a hankali, wasu ba sa dawowa, babban abu dai a ga yana cin abinci. Na yarda da shi, amma Inna har gobe tana cewa da Kawu bai tafi gadi ba, da an sami ja a kusa. Shi Kawun ya zo, ya tsuguna a gaban Baba ya ce, “Kai mai albasar marasa haƙori, tashi ka rama mana.” Ya jira. Da ya ga ba amsa sai ya fita zaure, muka ji babban mutum na kuka kamar yaro. Yaya ya ciro injin ya farfasa shi da gatari. Yana kawo duk abin da ake buƙata, amma iyakarsa bakin ƙofa, ba ya iya haɗa ido da Baba.

Ni da Yaya muka cire albasar. Ba mu kai ko kwando ɗaya kasuwa ba, domin tun a makon farko muka gane abin da ke nan. A kawo tuwo, ya kau da kai. A kawo nama, madarar gwangwani, shayi, ya datse haƙora. Ranar da na rasa dabara na kawo kaskon rushi bakin ɗakinsa na tura albasa ciki, tana fara tsuwa sai na ga hancinsa ya motsa. Ya miƙo hannu. Ya jefa ta daga hannu zuwa hannu yana hurawa, ya murje ɓawon, ya cinye. A bayanta ya yarda ya kurɓi kunu. Tun daga ranar haka muke yi safe da yamma: albasa ta buɗe bakin, kunu ya bi baya. Mun gwada ja, ya tofar. Yaya ya zagaye kasuwanni har Ƙanƙara da Sabuwa, dangin Inna na Tafoki suka bincika, ba mai irinta.

Albasar kuwa ba ta jira. Damina ta sauka, marka ta kama, iska ta yi nauyi. Kullum in na buɗe ɗakin ajiya sai wari ya tare ni, in tsince masu baƙin wuya in zubar. Na koma raba guda biyu, rabi da safe rabi da yamma. Na koma yanke ruɓaɓɓen gefe in gasa sauran. Ranar Juma’ar da ta wuce na gasa ta ƙarshe. Asabar bai ci komai ba. Lahadi ma haka, sai ruwa da muke ɗiga mashi. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako.

Jiya da safe Inna ta same ni tsaye a ƙarƙashin rudu. Uwayen bana na kai, kowace da zaren kabarta, waɗanda Baba ya ɗaura da kansa ana saura kwanaki kaɗan abin ya faru. Su ma marka ta rage su.

“Ɗauko,” in ji ta.

“Inna, uwaye ne.”

“Na san ko mi ne ne, ni na share shekaru ina juya su. Iri ya fi mutum ne? In ya mutu wa zai dasa? Ɗauko mashi.”

Na hau na ɗauko guda, babba, mai sanyi a hannu. Na kai kaskon rushi bakin ɗakinsa kamar kullum, na durƙusa, na buɗe toka da tsinke. Yana zaune yana kallon bangonsa. Na miƙa hannu zan tura ta ke nan sai na ji an damƙe mani wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya karɓe ta. Ya juya ta, ya kai babban yatsa kan ƙullin kabar, ya shafa, ya sake shafawa.

“Ke,” ya ce. Muryar ta dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba. “Wannan uwa ce.”

Na ji Inna ta saki kwano a bayana.

Ya ɗago ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar rijiya. Na tsaya ina jiran ya ce ’yar boko.

“Ɗiyar wa ce ke? A gidanku ba a gaya maki ba a cin uwa ba?”

“An gaya mani, Baba.”

“Wa ya gaya maki?”

“Babana.”

“To ya san abin da yake yi. Mayar da ita.”

“In na mayar mi za ka ci? Kwana biyu ba ka ci komai ba. Don Allah, guda ɗaya tak.”

Ya karkata kai yana sauraron yayyafin da ke sauka a kan rufi. “Ruwa ya ɗauke?”

“Bai ɗauke ba.”

“In ya ɗauke a yanke kawunan, a soya, sai a ci. Gindin a kai fadama.” Ya sa mani ita a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta. Daga nan ya mayar da fuskarsa bango, duk kiran da Inna ta yi bai sake juyowa ba.

Na mayar da ita kan rudu. Inna ta jiƙa gabun lawashinsa ta yi ɗan romo, don ƙamshin ya yi kusa da wanda ya sani, ya kurɓi abin da bai cika ludayi ba. Yau da safe ya ƙara kurɓa kaɗan. Ban sani ba ko hakan zai riƙe mutum har kaka. Inna na cewa tunda ya yi magana sauran ma na tafe. Ni dai na ga ya gane ƙullinsa, bai gane ni ba.

Dawa ta fara fitar da kai a gonaki, kowa a garin nan addu’arsa Allah ya ƙaro ruwa ta cika. Ina jin su a masallaci suna cewa amin. Ni kuwa kullum da safe in na hau na juya uwayen, na shinshina wuyan kowace, sai in ɗaga kai in dubi gabas, in roƙi Allah ya gafarta mani, ya ɗauke ruwan nan da wuri.